Sunanka ne a takardar gida, wani ne ya ci bashin banki: me ke kanka, me ba ya kanka

Ranar wata Talata bayan la'asar na dawo daga makaranta na tarar da ambulan a saƙale a ƙofar gidana da ke Tumfure. Wasiƙa ce daga lauyoyin wani banki, shafi biyu, da sunana a sama. Ni malamar firamare ce, shekara 26 ina riƙe da alli, ban taɓa karɓar ko sisin kwabo daga wannan banki ba. Amma wasiƙar ta ce ana bin naira miliyan 11 da ɗoriya, in ba a biya ba za a sayar da gidan. A tsaye na karanta ta, jaka a kafaɗa, ƙafafuna na rawa.

Ƙanena ne ya ci bashin. Hatsi yake saye da sayarwa a Tudun Hatsi. A kakar 2024 ya nemi miliyan 8 don ya sayi masara da shinkafa ya ajiye, banki ya ce sai da jinginar gida mai takardar C of O, wato takardar mallaka ta gwamna, shi kuwa a gidan haya yake. Ya zo ya durƙusa a gabana ya ce, "Adda, takarda kawai za su riƙe, wata tara in fanso miki abinki." Na ɗauko na ba shi, na bi shi banki na sa hannu duk inda aka nuna mini da yatsa. A 2025 farashin hatsi ya karye, duk mai zuwa kasuwa a Gombe ya ga yadda masu ajiya suka ji jiki. Ruwan bashi kuwa bai tsaya jiran kowa ba. A ƙarshen 2024 Babban Bankin Najeriya ya kai ma'aunin ruwansa kashi 27.5 cikin ɗari, na bankunan kasuwa kuma ya ɗara haka.

Na yi wata huɗu ina zirga-zirga tsakanin banki da ofishin lauya da ofishin filaye. Abin da na fahimta, wanda da na san shi tun farko da ban yi mako biyu ba barci ba, shi ne: sunan da ke kan takardar gida ba ya mai da mutum maciyin bashi. Abin da ke ɗaure ka shi ne takardar da ka sa wa hannu, kuma takardun ba iri ɗaya ba ne. Wata gidanka kaɗai ta ɗaure, wata ta haɗa har da aljihunka.

Ranar da wasiƙa ta zo, rubuta kwanan watan a bayan ambulan ɗin ka adana shi, domin daga nan lissafin wa'adi ke farawa. Kada ka ɓuya, kada ka kashe waya. Kuma kada ka sa hannu a wata sabuwar takarda, ko da an ce maka ta tabbatar da ka karɓi saƙo ce kawai, sai lauyanka ya gani. Wannan shi ne wurin da ake faɗawa rami. Kwana uku da zuwan wasiƙar wani ma'aikacin bankin ya zo har makaranta da takarda mai shafi ɗaya, ya ce in sa hannu a ƙara mana wata uku. Allah ya taimake ni na ce sai na yi shawara. Da lauya ya karanta sai ya ce, "Malama, da kin sa hannu a nan, da kin ɗauki bashin duka a wuyanki." Alkawarin biya ne da sunana.

Daga nan sai neman takardu. Rubuta wa manajan reshen wasiƙa, ka nemi kwafin duk abin da ke ɗauke da sa hannunka, da takardar tayin bashin da aka ba wanda ya ci, da bayanin asusun bashin tun daga ranar farko. Ka je da kwafi biyu, su buga hatimi a ɗaya su ba ka. Ni sun ce ba za su ba ni bayanin asusu ba saboda sirrin mai asusu ne, sai na kamo hannun ƙanena muka koma tare, ya nema da kansa. Ranar ban bar shi ya tafi kasuwa ba sai da takardun suka shiga jakata.

Idan takardu sun zo hannu, za ka samu kanka a ɗaya daga cikin matsayi uku.

Na farko, sunanka na kan takardar gidan amma ba ka sa hannu a komai ba. Wataƙila kai da matarka ko kai da ɗan'uwanka kuka haɗa suna, ɗayan ya ɗauki takardar a ɓoye ya kai banki. A nan ba a bin ka bashi, kuma wanda bai mallaki rabonka ba ba shi da ikon jinginar da shi. In ka ga sa hannu da sunanka alhali ba kai ka yi ba, wannan jabu ne, laifi ne, ka sanar da banki a rubuce nan take, ka kai ƙara. Shiru a irin wannan wuri yana iya zama hujja a kanka daga baya, a ce ka sani ka yarda.

Na biyu, ka sa hannu a yarjejeniyar jingina kaɗai. Galibi takarda ce ta mutum uku: banki, da mai cin bashi, da mai gida. Ka ba da gidanka ya tsaya wa bashin wani. In ba a biya ba, gidan zai iya tafiya, wannan babu ɓoye-ɓoye. Amma in babu wurin da ka yi alkawarin biya da kanka, iyakar abin da banki zai taɓa ke nan. Albashinka, fanshonka, gonarka, shanunka, ba su shiga ba. In an sayar da gidan kuɗin bai kai ba, cikon yana kan wanda ya ci.

Na uku, ka tsaya a matsayin garanto, wato ka yi lamuni. Wannan shi ne mai nauyi. Banki zai iya bin ka kai tsaye, sau da yawa ba tare da ya fara gajiya da bin wanda ya ci ba, domin haka suke rubuta takardar. Ko a addini haka abin yake, hadisi ya zo cewa wanda ya yi lamuni shi ne mai biya. Abin da ya sa nake jan kunne a nan, lamunin ba lallai ya zo a takarda daban ba. Yakan shige cikin yarjejeniyar jinginar kanta, layi biyu a shafi na huɗu ko na biyar, inda aka ce mai bashi da mai gida sun yi alkawarin biya tare ko kowa shi kaɗai. Wanda ya sa hannu a kan wannan ya bar matsayi na biyu ya koma na uku bai sani ba.

Shi ya sa karatun takardar sai lauya. Turancin jingina daban yake da wanda nake koyarwa a aji. Wanda ba shi da halin biya ya nemi ofishin Hukumar Ba da Agajin Shari'a ta Ƙasa da ke jiharsa, ya tambaya ko za su ɗauki maganarsa. Ni na biya kuɗin zama ɗaya, na je da tambayoyina a rubuce a bayan littafin darasi. Shin akwai inda na yi alkawarin biya da kaina? Gidan ya tsaya wa adadi sananne ne, ko ya tsaya wa duk bashin da ƙanena zai ci a wannan banki har gaba? An ƙara masa wani kuɗi ko an canza sharuɗɗa bayan na sa hannu ba tare da an tambaye ni ba? Wane wa'adi takardar ta ce a ba ni kafin sayarwa? Lauyan ya sa tabarau, ya bi ta da biro layi-layi, kusan minti arba'in ba ya cewa komai sai juya shafi. Sannan ya ɗago ya ce gidan ya ɗauru, amma ni ban ɗauru ba, kuma an ƙayyade jinginar a kan miliyan 8 da ruwanta. A nan na fara numfashi. Tambaya ta biyu da ta uku kada ka tsallake su, domin in banki ya canza yarjejeniya da mai bashi ta yadda nauyin ya ƙaru ba da yardar wanda ya tsaya ba, doka na iya sauke wa wanda ya tsaya nauyin, sai fa in takardar ta riga ta ba bankin wannan dama.

Ga iyayenmu da ba su yi boko ba, akwai dokar kare wanda bai iya karatu ba. Ta ce wanda ya rubuta takarda a madadinsa ya sa sunansa da adireshinsa, shaidar cewa an karanta masa an yi masa bayani kafin ya dangwala yatsa. In tsohuwa ce ta dangwala, a nuna wa lauya wannan gefen.

Sai ofishin filaye. A Gombe hukumar GOGIS ce ke riƙe da bayanan filaye. Ka nemi a yi binciken fayil ɗin gidan, lauya ya fi saurin yin wannan, don a ga ko an yi wa jinginar rajista kuma ko gwamna ya amince. Dokar Amfani da Filaye ta 1978, sashe na 22, ta ce mai takardar mallaka ta gwamna ba zai jinginar ko ya sayar ba sai da amincewar gwamna, sashe na 26 kuma ya ce abin da aka yi saɓanin haka ba shi da inganci. A 1989 Kotun Ƙoli ta rushe wata jingina a kan wannan dalili a shari'ar bankin Savannah da Ajilo. Amma kada ka jingina duk begenka a nan. Kotuna sun sha nuna rashin jin daɗi ga mai gidan da shi ne ya kamata ya nemo amincewar, ya ƙi, sannan ya dawo yana fakewa da rashinta. Amfanin binciken na gaske shi ne ya gaya maka irin ƙarfin da banki ke da shi. In jinginar cikakkiya ce, an hatimce, an yi rajista, gwamna ya amince, banki na iya sayarwa ba tare da ya je kotu ba. In kuwa takardar gidan kawai aka ajiye musu, ba a kammala sauran ba, to sai sun je kotu sun samo izini, kuma a nan dole a kira ka a ji ta bakinka. Rigimar gida mai C of O a Babbar Kotun Jiha ake yin ta, haka sashe na 39 na dokar ya tanada, ba a kotun yanki ba.

Maganar wa'adi kuwa, galibin jihohin Arewa har yanzu suna aiki da wata tsohuwar dokar Ingila ta 1881. Ta ce banki ba zai yi amfani da ikon sayarwa ba sai ɗaya daga cikin uku ya faru: ya aiko takardar neman biya an yi wata uku ba a biya ba, ko ruwan bashi ya yi wata biyu ba a biya ba, ko an karya wani sharaɗi na yarjejeniyar. Sai dai bankuna kan rubuta a takardarsu cewa wannan wa'adi bai shafe su ba, su sa nasu gajere. Saboda haka abin da ke cikin takardarka shi ne abin dubawa, ba abin da maƙwabci ya ce an yi masa ba. In gwanjo za a yi, dokar 'yan gwanjo ta nemi a yi sanarwa ga jama'a aƙalla kwana bakwai kafin ranar.

Abin da nake so ya zauna a zuciyar mai karatu: duk motsin da za ka yi, yi shi kafin a sayar. Da zarar wani ya saya da zuciya ɗaya ya biya, doka tana kare shi, ko da banki ya yi kuskure a wajen sanarwa. Abin da zai rage maka shi ne neman diyya, gidan kuwa ya tafi, sai in ka iya tabbatar da zamba ko haɗa baki. Ihu bayan hari ke nan. Kuma in ka je kotu neman a dakatar da sayarwa, sau da yawa alƙali zai nemi a ajiye kuɗin da banki ke nema a hannun kotu tukuna. Har zuwa lokacin da za a ƙulla cinikin, kana da haƙƙin fansar gidanka in an biya abin da ake bi.

In har ta kai ga sayarwa, kuɗin ba na banki ba ne duka. Za a cire kuɗin hidimar sayarwa, a cire bashi da ruwansa, abin da ya saura na mai gida ne, ba na wanda ya ci bashin ba. Ka nemi lissafi a rubuce. Tun kafin nan ka sa ƙwararren mai kimanta gidaje ya yi wa gidan kuɗi a takarda. Nawa an kimanta shi miliyan 19, kuma wannan takarda ta yi mini amfani ƙwarai a teburin sulhu, don ta nuna musu na san darajar abin da suke riƙe da shi.

Barazana za ta zo. An kira ni a waya an ce za a kwashe albashina, an ce za a kawo 'yan sanda. Bashi ba laifi ba ne. Dokar 'Yan Sanda ta 2020 ta hana kama mutum saboda saɓa yarjejeniya kawai, ta kuma hana kama wani a madadin wani, Kotun Ƙoli ma ta sha faɗa cewa 'yan sanda da EFCC ba masu karɓo bashi ba ne. Akwai tsarin GSI da Babban Banki ya fara a watan Agustan 2020, wanda ke ba banki damar zarar kuɗi daga asusun mai bashi a wasu bankuna ta hanyar lambar BVN. Yana aiki ne a kan wanda ya sa hannu a takardar izinin. Ka duba ko akwai irinta cikin abin da ka sa wa hannu, kuma in kuna da asusu na haɗin gwiwa da wanda ya ci bashin, ka raba kuɗinka da nasa. In an taɓa maka kuɗi ba bisa ƙa'ida ba, rubuta wa bankin ƙorafi, in bai gyara ba ka kai sashen kare haƙƙin abokan hulɗa na Babban Banki. Sunanka kuma za ka iya dubawa a kamfanonin da ke ajiye tarihin bashi, irin su CRC da FirstCentral, ka tabbatar ba a rubuta ka cikin masu taurin bashi ba.

Bari in tsaya kan gidan gado, don a unguwanninmu na cikin gari, Jekadafari da Bolari da Herwagana, shi ne ya fi yawa. Mahaifi ya rasu, ba a raba ba, babban wa ya je ya yi takarda da sunansa shi kaɗai saboda sauƙi, kowa ya yi shiru don kunya. Wata rana ya jinginar. Banki sunan da ke takarda ya gani, ya ba da kuɗi. Sauran magada, musamman mata da ke gidajen aure, ba sa ji sai an liƙa sanarwa a bango. Rabonsu na gado yana nan, amma tabbatar da shi a gaban bankin da ya ce bai san da su ba shari'a ce mai tsawo da cin kuɗi. In kuna cikin wannan hali kuma ba a kai ga jingina ba, ku je kotu a raba, a rubuta rabon kowa, a gyara takarda. In an riga an jinginar, ku sanar da banki da ofishin filaye a rubuce yau, da takardar shaidar gado. Haka kuma 'yan'uwana mata, gidan da kika gada ko kika gina da adashinki naki ne, aure bai mai da shi na maigida ba, a Shari'a da dokar ƙasa duka. In za ki ba da shi jingina, ki bayar kina sane cewa zai iya tafiya.

Yanzu sulhu. Banki kuɗi yake so, sayar da gida wahala ce gare shi, musamman gidan da mutane ke ciki. Mun ba akanta bayanin asusun ya bi, ya gano tarar jinkiri da aka ɗora sau biyu a wata guda, aka cire. Bappanmu ya tara mu a zaurensa bayan isha'i. Ƙanena ya zauna a bakin tabarma, hula a hannu, ya kasa ɗaga ido. Bappa ya ce masa, "Kai ka ci, kai za ka biya. 'Yar'uwarka rufin asiri ta yi maka, ba za ta kwana a titi ba ina raye." A wannan dare aka yanke ya sayar da filinsa da sauran masarar da ke rumbu ko da a kan asara. Aka tara miliyan 5 da rabi. Da wannan muka je banki tare da lauya, muka nemi a yafe wani ɓangare na ruwan, a raba sauran a kan wata 18. Sun amince da mafi yawan abin da muka nema. Ban bar ofishin da alkawarin baki ba, sai da aka rubuta, kuma lauya ya tabbatar sunana ya fito a matsayin mai gida kawai, ba mai biya ba.

Akwai takarda ɗaya da mutane ke jin nauyin nema, ni ma na ji, amma na nema. Na sa ƙanena ya rubuta a gaban shaidu biyu cewa bashin nasa ne, kuma duk abin da na biya ko na rasa saboda shi, ina bin sa. Dokar ƙasa ta ba wanda ya biya wa wani bashi don ceton dukiyarsa damar komawa kan wanda ya ci. Malamanmu na Malikiyya ma sun yi bayanin wanda ya ari abu don ya jinginar, cewa in aka sayar da abin, mai shi zai koma kan wanda ya ara. Ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Baƙara, a kan rubuta bashi ta sauka. Amfanin takardar ya wuce mu biyu: in ɗayanmu ya rasu, 'ya'yanmu ba za su tsaya suna musu ba, kuma bashi ake fara fitarwa kafin a raba gado.

Yanzu an biya wata bakwai, saura goma sha ɗaya. Duk ranar 28 ga wata ƙanena yana turo mini hoton rasit, ni kuma duk wata uku ina zuwa da shi mu karɓi bayanin asusu mai hatimi, in sa a cikin jakar leda tare da sauran takardun a ƙasan akwatina. Lauya ya riga ya rubuta mini abin da zan nema ranar biyan ƙarshe: wasiƙar da ke cewa ba a bin komai, takardar sakin jingina da banki ya sa wa hannu, da ainihin C of O ɗina. Takardar sakin kuma sai na kai ta GOGIS an shigar a fayil, in ba haka ba gidan zai ci gaba da fitowa a matsayin jinginanne duk ranar da wani ya yi bincike.